Tambaya da Amsa: Kai hotunan ƙauye taron masana

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, ina kuma digiri na biyu a fannin sadarwa. Na ɗauki hotunan fastocin rigakafi da ke manne a bangon asibitocin karkara, na tambayi mutane abin da suka fahimta. An karɓi aikin a taron masana sadarwa ta hoto, amma an ce fosta zan kawo, wato babbar takarda mai nuna bincikena da za a liƙa a allo, ba maƙala zan karanta ba. Yaya zan shirya ta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba a rage maka daraja ba. A irin wannan taro hoto shi ne hujja, kuma mai fosta yakan samu wanda zai tsaya su tattauna ido da ido.

Fara da tambayar masu taron girman allo, da ko a tsaye ne ko a kwance. Galibi A0 ake nema, wato santimita 84.1 da 118.9. Ka saita wannan girman a PowerPoint tun kafin ka ɗora komai.

Inda aka fi yin asara shi ne hotunan. Waya mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai ɗigo 4000 a faɗi. In za a buga da ɗigo 150 a kowane inci, zai kai kusan santimita 68 bai dushe ba. Amma da zarar ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto, sai a matse shi zuwa wajen ɗigo 1600, wato santimita 27 kacal. A waya ba za ka ga bambanci ba, sai an buga fuskoki su fito kamar an shafe su da ruwa. Ka kwashe na asali da kebul ko filasha.

Hoto huɗu zuwa shida sun isa. Kowace fosta da ka yi nazari a kanta, ka nuna ta sau biyu, kusa da nesa, don a ga bangon da tsayin da aka manna ta. Wannan na nesan muke ganin ya fi muhimmanci: rubutun boko a garin da dattawa suka fi karanta ajami, ko fostar da aka liƙa sama da kan mai kallo, shi ma sakamakon bincike ne. A ƙarƙashin kowane hoto ka sa wuri, da wata, da abin da mai kallo ya ce da Hausarsa, fassara ta biyo baya.

A ma'aunin girman haruffa na PowerPoint, kanu ya kai 80, sauran rubutu kada ya gaza 28. Ka kai aikin a PDF, domin kwamfutar mai bugawa kan mayar da ɓ, ɗ da ƙ akwatuna. Launi ma yakan yi duhu a takarda fiye da a fuskar kwamfuta, don haka a fara buga maka ɗan sashe a A4 ka duba. Takarda ta fi leda irin wadda ake buga tallace-tallace a kanta fito da hoto. Ka naɗe ta cikin bututun roba, kada ka ninke.

TAMBAYA: Ɗaliba ce ni daga Kafin Hausa. Dagaci ya ba ni izinin ɗaukar hoto, kuma akwai fuskokin matan aure a ciki. Zan iya nunawa a taro?

AMSA: 'Yar'uwa, izinin dagaci ƙofar gari ya buɗe miki, bai zama yardar matan ba. Ki koma wurin kowacce, ki faɗa mata baƙi za su gani, kuma wani na iya ɗauka da waya ya sa a intanet. In ta amince, ki rubuta ko ki naɗi muryarta, kuma ki bar ta ta shawarci maigidanta in tana so. Yara kuwa sai da yardar iyaye. Wadda ba ki samu ba, ki yanke hoton ya tsaya a hannu da abin da take riƙe da shi, ki kuma cire sunan unguwar.