Me ya haɗa GPS ɗin waya da wutar lantarki?

Tambaya: Malam, ni mai gyaran waya ne a Aboabo, Kumasi. Wani injiniya ya ce min da GPS ake sa ido kan manyan layukan wuta. Ni dai na san GPS da nuna hanya. Ina haɗinsa da wuta?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya injiniyan ya faɗa maka. Ainihin abin da tauraron GPS ke aikowa ƙasa lokaci ne. Kowane tauraro, can sama kimanin kilomita 20,200, yana ɗauke da agogon atom, wato agogo mai matuƙar daidaito, kuma daga bambancin lokacin isowar saƙonsu wayarka ke lissafa inda kake. Masu kula da wuta kuwa wannan lokacin kawai suke so.

Wutar Ghana tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Injinan tashoshin wuta na Akosombo, na Bui, da na Tema, duk kan layi ɗaya suke zuba wuta, kuma dole su tafi tare kamar mata masu lugude a turmi ɗaya. Idan ɗaya ta yi gaba ko ta makara, taɓarya za ta bugi taɓarya. To ta yaya wanda ke zaune a ɗakin kula zai san injin Bui yana jan ƙafa a bayan na Akosombo, alhali ɗaruruwan kilomita ne tsakaninsu? Sai an auna wutar wuraren biyu a daidai lokaci guda. Kowane zagaye na kai da komon nan kashi 20 ne cikin dubu na daƙiƙa, don haka kuskuren kashi 1 cikin dubu kawai yana karkatar da awon da digiri 18 cikin 360 na zagaye guda. Agogon bango ba zai iya wannan aikin ba, na kwamfuta ma haka.

Na'urar da ke wannan awon ana kiranta PMU. A jami'ar Virginia Tech ta Amurka aka fara ƙera ta a 1988. Tana auna wuta sau da dama a daƙiƙa, ta buga wa kowane awo tambarin lokacin GPS. Tsohon tsarin sa ido sai bayan daƙiƙa biyu zuwa huɗu yake kawo labari, kuma a harkar wuta wannan jinkiri ne mai yawa. Lokacin da wuta ta ɗauke wa mutum kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada ranar 14 ga Agusta 2003, masu bincike sun sha wuya wajen jera abubuwan da suka faru, saboda agogunan tashoshi da dama ba su daidaita ba. Mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, kuma layukanmu ke haɗe da na Togo, Kwaddibuwa da Burkina Faso, a ganina kuɗin da aka kashe a wannan fanni bai tafi a banza ba.

Tambaya: Idan saƙon tauraro ya yanke, wuta za ta ɗauke ke nan? Daga wata ɗaliba a Asawase.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Injinan da kansu suke riƙe juna ta cikin layin. Abin da ke raguwa shi ne ganin masu sa ido. Agogon tashar yana ci gaba da ƙirga lokaci da kansa na ɗan wani lokaci, wasu kuma suna karɓar saƙon taurarin Galileo na Turai ko na GLONASS na Rasha a madadin.