Shin ana yin digiri a kan barci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙauyenmu da ke wajen Gwaram, kuma bayoloji na karanta a jami'a. Kullum kafin ƙarfe goma ɗalibaina sun fara gyangyaɗi, idan jarabawa ta matso kuma sai ki ga sun rame. Ina son in koma karatu in yi bincike a kan barci da damuwar matasa, amma Yayana ya ce barci ba abin karantawa ba ne. Akwai hanya?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Akwai hanya. Ki shaida wa Yaya cikin ladabi cewa a 2017 an ba wasu masana uku 'yan Amurka kyautar Nobel saboda gano yadda agogon cikin jiki ke aiki, wato tsarin da ke tsara wa jiki lokacin barci da na farkawa. Farfesa Mary Carskadon ta Jami'ar Brown kuwa a kan barcin matasa ta yi suna. Bincikenta ya nuna cewa idan yaro ya balaga, sinadarin melatonin da ke kawo barci yakan makara fitowa da dare. Shi ya sa ƙaninsa zai yi nisa da barci tun bayan isha'i, shi kuwa idonsa biyu. Alhali masana sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10.

Wasiƙarki ta tuna mini da 'yar yayata a ƙauyenmu na wajen Bichi, shekarar da za ta zana NECO. Bazara ce, ɗaki ba ya shiguwa don zafi, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na sha ganin ta wajen sha ɗaya na dare tana karatu da hasken wayar da aka karɓo daga wurin mai caji, tana kore sauro da gefen mayafi. Da kiran assalatu ta tashi, ta ɗebo ruwa, ta yi shara, ta dama koko, sannan ta kama hanyar makaranta a ƙafa. Awa shida da kyar. Aka riƙa ce mata raguwa, abin ya yi mini ciwo matuƙa, don yarinyar nan ba ta da lalaci ko kaɗan. Fargaba ce ke hana ta barci, rashin barcin kuma ya wayi gari ya ƙara mata fargabar.

Ki nemi digiri na biyu tukuna. Ki je Jami'ar Bayero ki tambaya a sashen nazarin aikin jikin ɗan Adam ko na lafiyar al'umma, ki sami malamin da zai yarda ya duba aikinki. Ki dage da koyon lissafin ƙididdiga, don nan mutane da yawa ke cijewa. Digirin digirgir zai biyo baya.

Ba sai kin mallaki na'ura mai tsada ba. Akwai takardar tambayoyin ingancin barci ta Pittsburgh da aka fitar a 1989, wadda ke tambayar mutum yadda ya yi barci cikin watan da ya wuce. Amma a Amurka aka tsara ta, ba ta san sahur ba, ba ta san karatun allo na dare ko sammakon gona da damina ba. Ke kin san su, kuma wannan ne jarinki.

Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki fara tattara bayanan yaran mutane sai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince, iyaye sun yarda, shugaban makaranta da mai unguwa sun sani. Kafin nan ki gwada a kanki. Ki ajiye ƙaramin littafi kusa da matashin kai, mako biyu kina rubuta lokacin da kika kwanta, lokacin da kika tashi, ko kin yi ƙailula, da abin da ya tsaya miki a rai a daren. Ki tafi da shi ranar da za ki gana da malamin.