Sola na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, ko dai tallar 'yan kasuwa ce?

Tambaya: Ina da shagon ɗinki a Tudun Wada, Kaduna. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ke cinye mini riba, shi ya sa nake shirin sanya sola. Sai wani ya ce mini batun kare muhalli duk zance ne, tunda farantan ma da wutar kwal ake ƙera su a Sin. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Mafi yawan farantan sola a Sin ake yin su, kuma masana'antun can sun dogara da kwal sosai. Sai dai wutar da aka kashe wajen ƙera faranti, yakan maido da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu, alhali mai kyau yana kai shekara 25 yana aiki.

Yanzu dubi janaretanka. Kowace litar fetur da ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana. A ce lita 3 kake sha a wuni, ka ga a shekara kusan tan biyu da rabi ke nan, daga shago guda. Ka kwatanta da yawan janaretocin da ke ruri a Kasuwar Shehu Gumi ko Panteka in an ɗauke wuta. A nan ribar sola take a ƙasarmu. Wutar NEPA, duk da cewa yawancinta da gas ake samar da ita, ta fi ƙaramin janareta tsafta nesa ba kusa ba, balle wadda ke zuwa daga madatsun Shiroro da Zungeru da ke kan Kogin Kaduna.

Amma shawarata, kada ka fara da sayen faranti. Fara da rage abin da shagon ke ja. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, na LED mai wat 9 zai ba ka haskensa. Ƙwai goma sun sauko daga 600 zuwa 90 ke nan. Ka lura da injin kekenka ma: irin na da yana ta juyawa yana gunji ko ƙafarka ba ta kan feda, na zamani kuwa sai ka taka yake jan wuta. Babban maci dai shi ne dutsen guga, wanda kan ja wat 1,000 ko fiye. Ka tara gugarka zuwa tsakar rana, lokacin da farantan ke ba da wuta sosai, ka bar batir ya huta. In ka yi waɗannan, ƙaramar sola za ta ishe ka, kuɗin ya ragu, kayan da za a ƙera dominka ma su ragu. Komawa dutsen gawayi ba mafita ba ne. Itacen da aka sare aka ƙona, shi ma kabon ɗin ne.

Inda na fi jin tsoro shi ne batir. Irin mai ruwa yana ɗauke da darma, kuma in ya mutu aka fasa shi a bola, guba ce ga yara da ruwan rijiya. Ka mayar wa masu musanya. Sannan da hunturu ka riƙa goge farantan, don ƙura na rage musu ƙarfi ƙwarai.

A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Gilasgo a 2021, Najeriya ta yi alƙawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato kada kabon ɗin da take saki ya wuce wanda ake janyewa daga iska. Wannan sai an daina ƙona gas a banza a Neja Delta, an kuma sama wa gidaje abin girki da ba itace ba. Naka dai, ka kira mai haɗa sola ya auna abin da shagon ke ja bayan ka canza ƙwayayen, kafin ya yanka maka farashi.