Ga ƙanena makaɗi da ke son tahowa Faransa

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni. Ka ce shekara 6 ke nan kana kiɗa a Kaduna, kalangu a gidajen biki na Tudun Wada da Unguwar Sanusi, ranar Asabar kuma ka hau gangunan zamani tare da wata ƙungiya a Barnawa. Kana shirin sayar da babur ɗinka ka nemi biza, ka jingine kalangu tunda a ganinka ba kayan Turai ba ne, sannan ka tambaye ni ko makaɗi yana iya ci da kansa a nan. Yana iyawa. Amma batun jingine kalangun nan shi ya tsaya mini a rai, don haka bari in fara ba ka labarin wani mutum.

Sunansa Tony Allen, haifaffen Legas a 1940. Sai da ya kai shekara 18 ya fara riƙe sandar kiɗa, lokacin yana aikin gyaran na'urori a gidan rediyo. Babu makarantar da ta koya masa. Kunne ya kasa wa faya-fayan Art Blakey da Max Roach na Amurka da Guy Warren na Gana, ya yi ta bi har hannu ya faɗa. A ƙungiyar Victor Olaiya ma ba ganga aka fara ba shi ba, 'yan sanduna biyu ne da ake bugawa don riƙe lokaci. Ya haɗu da mawaƙi Fela Kuti a 1964, suka yi shekara 15 tare, kuma a hannun Tony Allen salon Afrobeat ya samu ƙashin bayansa. Abin da ya fi kowa da shi: hannu biyu da ƙafa biyu kowanne na faɗin tasa maganar, ba mai taka wani, har mai sauraro ya ɗauka mutum huɗu ne ke kiɗan.

Na taɓa ganinsa sau ɗaya a wani zaure a nan Paris, ina cikin masu haɗa kayan sauti, aikin da nake ci da shi da rana har yau. Tsoho ne a lokacin, yana zaune kamar mai shan shayi, kafaɗarsa ba ta motsi, ba ya dukan fata da ƙarfi, amma duk zauren na lilo. A ranar na gane cewa shekarun da na yi ina zuba ƙarfi a kan ganga, gumi nake yi kawai.

To, ka lura da lissafin shekarunsa. Ya rabu da Fela a 1979, bai bar Najeriya ba sai 1984, ya fara sauka Landan sannan ya zauna a Paris. Ya haura shekara 40, yana da aikin fiye da shekara 20 a bayansa, kuma duk da haka bai same ta da sauƙi ba. Daga baya ne aka yi ta nemansa: Damon Albarn na Ingila ya kafa ƙungiya da shi, kamfanin Blue Note ya fitar da kundinsa na jaz a 2017, aikinsa da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu ya fito a 2020, shekarar da Tony Allen ya rasu a Paris ranar 30 ga Afrilu. Duk waɗannan mutane suna da makaɗa a garuruwansu. Abin da ya taho da shi daga gida suka biyo, wanda ba a koyar da shi a makarantunsu.

Kai kuma abin da ke hannunka kalangu ne. Ganga mai magana, ka matse tsarkiya a hammata ta kira sunan mutum da na kakansa. Masu buga gangunan zamani a garin nan ba su ƙirguwa, da yawansu tun suna yara suke makarantar kiɗa, suna karanta rubutun kiɗa kamar jarida. In a nan za ka kara da su, sun riga ka nisa. Amma a shekara 11 da na yi a nan, ban haɗu da mai kalangu na gaske ba sai sau biyu. Na san abin da ke cin ka, ana kallon mai kalangu a matsayin maroƙi, wataƙila ma a gida an sha faɗa maka. Wannan ciwon na san shi. Amma ka tuna da kalangu Mamman Shata ya zaga duniya, kuma a Kadunan nan Bala Miller ya tsayar da babbar ƙungiya ta kayan zamani yana waƙa da Hausa.

Batun takardu kuwa, kada kowa ya ruɗe ka. Bizar ziyara ta kwana 90 ce, ba ta ba ka izinin aiki, kuma babu zauren kirki da zai ɗauke ka ba takarda. In karatu ne, ta hannun Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban ƙasashen waje, ake bi, ɗalibi kuma awa 964 aka yarda ya yi aiki a shekara. Tsarin da ke tallafa wa mawaƙa da makaɗa a lokacin da ba aiki sai ka tara awa 507 na aikin da aka yi rajistarsa cikin wata 12. Ko a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sai an gwada ka an ba ka izini kafin ka yi kiɗa. Ingila da wasu ke kwaɗaita maka, bizar ɗalibi a can ta hana sana'ar nishaɗantarwa, sai abin da ya shafi karatunka.

Ni na taho da gaggawa. Wani mai shirya wasanni ya yi mini alkawarin wata uku na aiki, muka yi dare huɗu ya daina ɗaga waya. Hunturun farko a ɗakin wani ɗan Nijar na yi shi, ganguna na cikin jaka don maƙwabta ba sa jure ƙara. A kan matashin kai na riƙa motsa hannu, dabarar da shi ma Tony Allen ya koya wurin wani makaɗin jaz a Amurka a 1969.

Don haka kada ka sayar da babur bana. Ka samu ɗaya daga cikin 'yan badujalar soja ko masu kiɗan coci na Sabon Tasha ya koya maka karanta rubutun kiɗa, akwai gwanaye a cikinsu. Ka sa manhajar riƙe lokaci a wayarka ka riƙa bin ta kullum, domin a situdiyo da ita ake aiki. Ka fara Faransanci. Ka kuma koma wurin tsohon da ya koya maka kalangu, ka kwashi taken mahauta da na 'yan dambe da na manoma tun yana da rai, ka gwada ɗora su a kan gangunan zamani.

Ka ɗauki bidiyo na minti 5, rabi kalangu rabi na zamani, a ɗaki mai shiru, ka turo mini. Akwai mutum biyu a nan da nake son su gani. Ka gaishe mini da su Mama.