Manomi ma yana kamuwa da hawan jini?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina manomi ne a ƙauye, ya haura shekara sittin, ba shi da ƙiba, kullum yana gona. An auna shi aka ce jininsa 160 bisa 100. Ni a sanina wannan ciwon 'yan birni ne da masu hali. Anya na'urar ba ta yi kuskure ba?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. A sake auna shi wata rana, bayan ya zauna ya huta na minti biyar, hannunsa a ɗore kan tebur. Idan a ranakun biyu ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, hawan jini ne. Amma ɗan'uwa, kada ka ɗora rai a kan kuskuren na'ura.

A rahotonta na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A wurare da dama birni ya fi ƙauye yawan masu ciwon, sai dai tazarar tana raguwa. Abin da ya yi wa ƙauye ƙaranci shi ne na'urar awo. Ciwon ba ya sa zazzaɓi, sau da yawa ko ciwon kai babu, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce abu ne na farat ɗaya, alhali ya yi shekaru yana cin jijiyoyi da ƙoda.

Noma motsa jiki ne mai kyau, amma ba ya hana tsufa. Jijiyoyin jini suna taurarewa da shekaru, ko mutum siriri ne. Akwai gado, akwai taba da giya. Sai gishiri: ƙa'ida kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a kayan ɗanɗano da abincin da aka adana da shi.

Wanda ya fi damuna, kuma ba a cika kula da shi ba, shi ne maganin ciwon jiki. Mutum ya dawo gona baya na ciwo, ya haɗiyi diclofenac ko ibuprofen, gobe ma haka, ba tare da likita ya rubuta ba. Waɗannan suna sa jiki riƙe gishiri da ruwa, suna wahalar da ƙoda, jini ya hau. Ka tambayi Baba me yake sha.

Idan an tabbatar, a duba masa ƙoda da sukari. Maganin da za a ba shi, irin su amlodipine, na kullum ne. Kada ya ajiye don ya ji garau. Kai ma, tunda mahaifinka ne, ka miƙa hannu a auna ka ranar da ka raka shi.