Amsa ga ɗan'uwan da ke son komawa reluwe, amma ba tuƙi ba

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka tuƙa jirgin ƙasa a tsohon layi, ka bar aiki fiye da shekara 10, yanzu kana son komawa amma ba kan jirgi ba, kana tambayar ta ina za ka fara, kuma wane aiki zai dace da kai.

Fara da fayil ɗinka, don yadda ka fita shi zai nuna ƙofar da za ka shiga. Wanda ya ajiye aiki da kansa daban, wanda rage ma'aikata ya rutsa da shi daban, wanda kuma aka kora bisa laifi tasa ta fi wuya. Nemo takardar ɗaukarka aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta barin aiki, da shaidar jarabawar tuƙin da ka ci. In wata ta ɓata, ka bi ofishin gundumar da ka yi aiki, Zariya ce ko Minna ko Kafanchan ko Bauchi, kafin ka ɗauki hanyar hedikwata a Ebute Metta. Ka lissafa shekarunka kuma: aikin gwamnatin tarayya yana ƙarewa a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wanda ya riga zuwa. In ka matso kusa, kwantiragi ko aiki da kamfanonin da ke gina layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ya fi maka sauƙi. Idan kana da asusun fansho tun bayan dokar 2004, kada ka buɗe wani, tsohuwar lambarka za ka bayar, kuma ranar haihuwar da ke fayil ta yi daidai da ta NIN. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

Sai likita. Mutane suna ɗauka tunda ba tuƙi ba ne an huta da gwajin ido. Ba a huta ba. Mai juya layi, mai haɗa taragu da shugaban tasha duk da ja da kore suke aiki, don haka za a buɗe maka littafin ɗige-ɗigen launi na Ishihara, a gwada ji, a auna hawan jini da suga. Ka je ka gwada da kuɗinka tun yanzu, musamman kunne, don ƙugin inji na shekaru yana cin ji mai shi bai sani ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, hannunka ya saba da wani jirgi, wanda za ka tarar kuma wani ne. Tsohon layi faɗinsa milimita 1,067, sabon 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, Warri zuwa Itakpe a 2020, da Legas zuwa Ibadan a 2021. Bambancin faɗi ba ya kashe kowa. Birki ne ke kashewa.

Yawancin tsofaffin taragun da ka sani birkinsu na zuƙe iska ne: a zuƙe iskar bututu birki ya saki, iska ta shiga ya kama. Na sabon layi kuwa cika bututun ake da iska mai matsi, kamar 5 zuwa 6 a ma'aunin matsin iska da ake kira "bar", in matsin ya faɗi birki ya kama. Wannan tsarin yana da famfo a kowane ƙarshen tarago, abin da tsohon ba shi da shi. A manta famfo ɗaya a rufe a tsakiyar jirgi, agogon direba zai nuna iska ta cika lafiya lau, alhali duk taragun da ke bayan wurin ba sa jin birkinsa. Shi ya sa bayan kowane haɗi ake zuwa tarago na ƙarshe, a buɗe famfon wutsiya, direba ya tabbatar allurarsa ta faɗi, kai kuma ka ga takalman birki sun kama ƙafa da idonka, sannan ka ga sun saki. Wajen raba tiyon iskar da ke tsakanin tarago da tarago kuma, rufe famfo biyun tukuna. Tiyo mai iska in aka ɓalle shi haka nan bulala yake yi, yana fasa baki ya karya haƙora. Taragon da za a ajiye kuma ba a barinsa da birkin iska kaɗai, don iskar tana zurarewa a hankali. A ɗaure birkin hannu, a sa katakon tare ƙafa ta ɓangaren gangara.

Wannan aikin haɗa taragu na masu jini a jika ne. In gwiwa ta fara ciwo, ka bar wa yara shi. Tsohon direba ya fi amfani a duba taragu kafin tashi, ofishin kula da zirga-zirga, tsara jadawalin direbobi, ko koyarwa. Kunnen da ya san ƙarar ƙafar da ta lotse da hancin da ya san ƙaurin sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun tarago in ta yi zafi ba a aji ake samunsu ba.

In tasha aka kai ka, to lamarin ya juye. Da kai ake ba izini, yanzu kai ne mai bayarwa, kuma direba zai taho da gudu bisa maganarka ba tare da yana ganin abin da ke gaba ba. Ƙa'idar ba ta canza ba, jirgi ɗaya tak a kan layi ɗaya tsakanin tasha da tasha, sai dai inda ka saba da sandar izini da ake miƙa wa direba, yanzu allo ne da sigina mai fitila. Ranar da wuta ta ɗauke ko ɓarayi suka yanke waya, sai a koma izinin takarda, a nan tsohon iliminka zai yi rana. Ka juya layin da hannu, ka taka ka je ka ga harshen, wato siririn ƙarfen da ke motsawa in an juya layi, ya manne da dogo, ka ɗaure shi ka sa kwaɗo, sannan ka rubuta izini. Tsakuwa guda ko yashin da iskar hunturu ta tara tana hana harshen rufewa, kuma 'yar tazarar milimita kaɗan ta isa gefen ƙafar jirgi ya shiga ya sauka daga layi. Magana ta oba-oba kuma ba a amsa ta da "to". Faɗi lambar jirgi, lambar layi da lokaci, wancan ya maimaita, ka shigar a rajista nan take, ba sai jirgin ya wuce ba. Yawancin ɓarna wajen miƙa aiki take faruwa, wanda zai tashi ya manta bai faɗi cewa akwai tarago a layi na 2 ko masu gyara suna kan dogo ba. Kada ka sa hannu a littafin karɓar aiki sai ka zaga yadin tashar, inda layuka da taragu suke, da ƙafarka.

Za a mayar da kai aji, a ba ka littafin dokoki na yanzu, ka sake jarabawa, watakila wanda zai koyar da kai sa'an ɗanka ne. Ka haƙura ka karanta littafin daga bangon farko kamar ba ka taɓa ganinsa ba, don inda ka tsallake da cewa "ai na san wannan" nan ne aka yi gyara. In kana da hali kafin kira ya zo, ka tambayi kwasa-kwasan da ake yi a cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya, kuma ka saba da kwamfuta ko da shigar da bayanai ne kawai, don tikiti da rahoto duk sun koma can. Ka kuma tambayi tsarin aikin dare da wurin kwana kafin ka karɓi tasha, saboda wasu tashoshin a daji suke, nesa da gari da asibiti.