Amsa ga ƙanenmu da ya ce ya ajiye katin zaɓensa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe da iyayenmu da malamanmu da ke cikin wannan zaure, da sauran 'yan'uwa maza da mata, da fatan an wuni lafiya. Na saurari muryar da ƙanenmu ya turo jiya da dare, inda ya ce shi kam ya jefa katin zaɓensa a ƙasan akwati, ba zai ƙara bin layi cikin ranar Sakkwato ba, domin a ganinsa an riga an rubuta wanda zai ci tun kafin a buɗe rumfa, kuma wanda aka zaɓa ɗin ba ya waiwayar kowa sai bayan shekara huɗu. Ya kuma tambaya ko akwai dokar da ta tilasta wa mutum fita zaɓe. Tun da ya sa ni cikin waɗanda yake son jin ta bakinsu, ga tawa amsar, a yi mini haƙuri idan muryar ta yi tsawo.

Maganar doka ba ta da wuya. Babu dokar da ta tilasta maka, ƙanena. Tsarin mulkin 1999 ya ba duk ɗan ƙasar da ya kai shekara 18 damar yin rajistar zaɓe, amma a sashe na 24, inda aka jera haƙƙoƙin da ƙasa take da su a kan ɗan ƙasa, irin su biyan haraji da taimaka wa hukuma wajen kiyaye doka, ba a ambaci kaɗa ƙuri'a ba. A shekarar 2025 an kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai, wanda shugaban majalisar Abbas Tajudeen yake cikin masu gabatar da shi, don a mayar da zaɓe dole tare da tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi, har ya tsallake karatu na biyu, sai jama'a suka yi caa, aka janye shi. Ni ma ina cikin waɗanda suka ji daɗin janyewar. Ƙasar Ostareliya tana tilasta zaɓe tun 1924, amma can mutum ba ya tsoron a tare shi a hanya idan ya fita. Gwamnatin da ba ta iya tsare hanyar Isa zuwa Sabon Birni ba, ba ta da bakin cin tarar wanda bai bi hanyar ba.

Kukan da ka yi kuma ba zan ƙaryata shi ba. Dukanmu mun ga yadda aka shiga zaɓen 2023 cikin wahalar canjin kuɗi, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na hawa kabu-kabu. Mun ga yadda hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta yi alkawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, sai ga na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a ranar. A nan jiharmu ma, zaɓen sanatoci uku duka bai kammala ba a ranar 25 ga Fabrairu saboda tashe-tashen hankula da soke rumfuna, sai a watan Afrilu aka ƙarasa. Wanda ya ga wannan ya ce zuciyarsa ta yi sanyi, bai yi laifi ba. Abin da nake jayayya da shi kawai shi ne tunanin cewa zaman gida yana hukunta ɗan siyasa. A lissafin ɗan siyasa, zamanka a gida rangwame ne aka yi masa, kuma bari in faɗi dalili.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suke da rajista, amma waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba. Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a kusan miliyan 8.8, Atiku Abubakar ya samu kusan miliyan 7, Peter Obi ya samu miliyan 6.1, Rabi'u Kwankwaso kuma kusan miliyan 1.5. Wato wanda ya hau kujerar ya hau ta ne da ƙuri'ar ƙasa da mutum ɗaya cikin goma na masu rajista, kuma waɗanda suka zauna gida sun ninka ƙuri'un 'yan takarar huɗu gaba ɗaya fiye da sau biyu. Shin don mutane ba su fito ba an fasa rantsar da shi? Ba a fasa ba, domin tsarin mulki bai gindaya adadin waɗanda dole su fito ba. Abin da sashe na 134 ya nema shi ne ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Ko mutum nawa ne suka fito, da su za a yi lissafin. A 2003 masu fitowa sun kusa kashi 70 cikin 100, a 2015 suka koma wajen 44, a 2019 wajen 35. Shekara ashirin ke nan muna ja da baya, ban kuwa ga alamar wannan fushin namu ya sa wani mai mulki ya kasa barci ba.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi bayyana. A zaɓen gwamna na 2019, bayan an ce zaɓe bai kammala ba aka koma ƙarashe a wasu rumfuna, Aminu Waziri Tambuwal ya kayar da Ahmad Aliyu da ratar ƙuri'a 342 kacal, a zaɓen da kowannensu ya haura ƙuri'a dubu ɗari biyar. Ƙanena, mutum 342 ba su cika sahun masallacin Juma'a guda ba. Ko kana bayan wannan ko kana bayan wancan, a wannan ranar ƙuri'ar unguwa ɗaya ta isa ta juya jihar da ke da ƙananan hukumomi 23. Bayan shekara huɗu wanda ya faɗin ya dawo ya kayar da jam'iyyar da ke riƙe da gidan gwamnati. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ɗin ma, ratar da ke tsakanin Atiku da Tinubu a Sakkwato ba ta kai ƙuri'a dubu huɗu ba, alhali masu rajista a jihar sun haura miliyan biyu, kuma ƙuri'un mutanen biyu a haɗe ba su kai dubu ɗari shida ba. Maƙwabtanmu kuwa, a Zamfara gwamna mai ci Bello Matawalle ya sha kaye a hannun Dauda Lawal, a Kabi gwamna mai ci Atiku Bagudu ya nemi kujerar sanata ya rasa ta. A 2015 shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe ya kuma amince. Da a ce komai a rubuce yake tun farko, ai waɗanda alƙalami yake hannunsu ba za su rubuta faɗuwarsu ba.

Ga wata tambaya da nake so matasan wannan zaure su tsaya su yi tunani a kanta. Idan ƙuri'a ba ta da amfani, me ya sa ake saye? Ɗan siyasa ba ya ɓarnar kuɗinsa a kan abin da ba zai amfane shi ba. Taliya da magi da sabulu da atamfa da ake rabawa mata a daren zaɓe, da kuɗin da ake miƙawa a bayan rumfa bayan an leƙa inda ka dangwala, duk shaida ce cewa abin da ke hannunka yana da daraja a wurinsa. Kuma ƙarancin masu fitowa shi ne yake sa cinikin ya yi araha. A ɗauki misali rumfar da ke da mutum ɗari bakwai a rajista. Idan ɗari da hamsin ne suka fito, mai saye yana buƙatar mutum tamanin ne kawai ya lashe ta, kuma ya san su gida-gida. Idan kuwa ɗari biyar suka fito, dole ya nemi sama da ɗari biyu da hamsin, a rumfuna dubbai, aljihunsa ba zai ɗauka ba, sai ya koma lallashi da alkawarin da za a iya tuhumarsa a kai. Mai karatu, mai sana'a, mai mutunci wanda ba zai sayar ba, shi ne yawanci yake cewa ya gaji ya zauna gida, sai a bar filin ga wanda yunwa ta tilasta wa karɓa. Ba na zagin wanda ya karɓa saboda talauci, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Batun maguɗi ma haka yake. A ƙarƙashin tsohuwar dokar zaɓe, ba a cewa an yi aringizo sai ƙuri'u sun wuce adadin masu rajista a rumfar, don haka duk wanda bai fito ba ya bar gurbin da za a iya cikewa da sunansa. Dokar zaɓe ta 2022 ta gyara wannan, ta ce ana gwada ƙuri'u ne da adadin waɗanda na'urar tantancewa ta BVAS ta tantance, idan sun wuce a soke rumfar. Wannan ci gaba ne na gaske, ko da yake masu son zuciya sun koma wasu dabarun, kamar turo 'yan bangar siyasa su tarwatsa rumfar da suka san ba tasu ba ce don a soke ta, ko kuma sauya alƙaluma a wajen tattara sakamako. Amma kowa ya san rumfar da aka fi tarwatsawa ita ce wadda mutane suka watse aka bar malamin zaɓe da wakilan jam'iyya su kaɗai. Inda dattawan unguwa da mata da matasa suka tsaya har aka ƙirga a gabansu, aka rubuta a takardar sakamako, wakilai suka sa hannu, kowa ya ɗauki hoto da wayarsa, sauya wannan yana da tsada kuma yana barin sawun da za a bi a kotu. Abin da aka riƙa faɗa a baya, a kasa, a tsare, a raka, har yanzu shi ne aikin.

Ka ce zaɓen tarayya na 'yan Abuja ne, bai shafi mai shago a Tsohuwar Kasuwa ba. A nan na fi saɓa maka. Jumla ɗaya da shugaban ƙasa ya furta ranar rantsuwa, 29 ga Mayun 2023, cewa tallafin man fetur ya tafi, ita ce ta ninka kuɗin mota daga nan zuwa Illela da Tambuwal, ta kuma taɓa manomin rani da ke ba albasarsa ruwa da injin a fadamun Wurno da Goronyo. Rufe iyakoki da aka yi a watan Agustan 2019, da wanda aka sake yi da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, hukuncin Abuja ne, amma 'yan kasuwar Illela ne suka ji a jikinsu. 'Yan sanda da sojoji duk a hannun gwamnatin tarayya suke, gwamna ba ya iya tura bataliya Tangaza ko Gudu da kansa. Farashin taki, da darajar naira, da kuɗin da ake rabawa jihohi da ƙananan hukumomi duk wata, can ake yanke su. Duk abin da ke cikin kukanka, daga takardar da ka ce ba za ka dangwala ba ya taso.

A ranar zaɓen tarayya kuma takarda uku ake ba mutum, kuma biyun da muka fi sakaci da su, wato ta sanata da ta ɗan Majalisar Wakilai, su ne suka fi kusa da hannunmu. Sakkwato tana da sanata 3 da 'yan Majalisar Wakilai 11. Su ne suke amincewa da kasafin kuɗi da cin bashi, Majalisar Dattawa ce take tantance ministoci, su ne kuma suke da ikon kiran shugabannin tsaro su yi bayani. Ɗan majalisa ɗan mazaɓarmu ne, mun san gidansu, mun san ko ya taɓa miƙewa a zauren majalisa ya ambaci ƙauyukan da aka tasa. Idan manyan 'yan takarar shugaban ƙasa duk ba su kwanta maka ba, wannan ba dalilin barin sauran takardun biyu ba ne, kuma babu wanda ya ce dole ka dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa.

To, wajibi ne ko ba wajibi ba? Hukuncin shari'a fagen malamanmu ne, suna nan cikin zaure, kuma da yawa cikin malamai sun daɗe suna bayyana cewa ƙuri'a shaida ce da amana. Ni dai a matsayina na ɗan ƙasa, ina ganin nauyi ne a kan duk wanda yake da lafiya, yake da kati, kuma hanyarsa zuwa rumfa ba ta da haɗari. Abin da ake nema a gare shi wuni ɗaya ne, abin da za a yanke kuwa zai hau kan marayu da tsofaffi da yaran da ba su kai shekarun zaɓe ba. 'Yan'uwa mata da ke saurare su tuna cewa iyayenmu mata a Arewa ba su samu wannan dama ba sai a 1976, bayan irin gwagwarmayar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kanta, kuma zaɓen tarayya na farko da suka shiga shi ne na 1979, wanda ya kai ɗan jiharmu Alhaji Shehu Shagari kujerar shugaban ƙasa.

Wanda ba na ɗora wa wannan nauyi shi ne ɗan'uwanmu da 'yan bindiga suka kora daga garinsu a gabashin jihar, yana zaune a kango ko a gidan dangi cikin birni, katinsa ya ƙone ko kuma rumfarsa tana inda ba a iya shiga. Wannan ba sakaci ya yi ba, an hana shi ne, kuma kukansa ya fi na kowa buƙatar ya isa akwati. Hukumar zaɓe tana ba da damar sauya rumfa da kuma sake katin da ya ɓace ko ya lalace a lokacin da ta buɗe rajista, a ofisoshinta na ƙananan hukumomi, amma tana rufewa watanni kafin zaɓe. Saboda haka ina roƙon shugabannin wannan zaure, duk lokacin da aka buɗe a sanar a nan, matasanmu masu waya kuma su raka irin waɗannan mutane da tsofaffin unguwa zuwa ofishin. Kai kuma ƙanena, ka ciro katin nan ka duba ko rumfar da ke jikinsa ita ce ta inda kake zaune yanzu, domin na ji ka ce kun tashi daga tsohuwar unguwarku. Na gode da haƙurin saurare. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.